Ciwon Daji Na Mama: Asibiti Na Kusa, Amma Mata Na Zuwa A Makare

Kowace shekara in watan Oktoba ya kama, sai ƙungiyoyi su fito titunan Ikko da Badun da sauran manyan garuruwan Kudu, suna tattaki da jawabai a kan ciwon daji na mama, watau sankara. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma fa yawancin wannan shela da Turanci da Yarbanci ko Ibo ake yinta, a bakin titi da ɗakunan taro. Matar da ke cikin gida a Sabon Badun ko Agege ko Sabon Shagamu da wuya ta ji ta, ko da ta ji kuwa da wuya ta fahimta.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin 2022 an sami mata wajen miliyan 2.3 da wannan ciwo a duniya, 670,000 kuma suka mutu. A Nijeriya, ƙididdigar shekarar ta nuna sababbin masu ciwon sun haura 32,000, waɗanda suka rasu kuwa sun haura 16,000, watau rabin wancan adadi ke nan. Shi ne dajin da ya fi kowanne kama mata a ƙasar nan. A ƙasashe masu arziki kuwa, cikin mata goma da suka kamu, tara suna nan da ransu bayan shekara biyar.

Babban abin da ya kawo wannan bambanci shi ne lokacin da mace ta isa gaban likita. Tun 1960 ake rubuta masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Badun, kuma binciken da likitoci suka yi ta yi a can da sauran asibitoci da unguwanni ya tsaya a kan magana guda. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu, galibin matan Nijeriya kuwa ba su zuwa sai ya kai na uku ko na huɗu. Binciken ya kuma nuna mata da yawa sun ji sunan ciwon, amma kaɗan ne suka san yadda yake farawa. Sau da yawa yakan fara ne da ɗan ƙullutu mai tauri a cikin mama ko a hammata, wanda ba ya zafi ko kaɗan. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Sauran alamun su ne kan mama ya lotsa ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo. A nan ƙasar kuma yakan kama mata tun suna 'yan shekara 40 da wani abu, lokacin da 'ya'ya ke ƙanana.

Abin mamaki shi ne 'yan Arewa mazauna Kudu suna cikin waɗanda suka fi kowa kusa da magani. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa tun 1916, tana dab da Asibitin Koyarwa. Hausawan Idi-Araba kuwa maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko ne, inda aka buɗe sabuwar cibiyar maganin daji a 2019. Akwai mutanen da ke tasowa daga garuruwa masu nisa domin su zo waɗannan wurare.

Abubuwa uku ke tare hanya. Na farko kunya, domin mace takan ɓoye abin har ga mijinta, balle likita namiji wanda ba ya jin harshenta. Na biyu tsohuwar maganar nan da ake yi wai daji ba ya son ƙarfe ko allura, saboda haka sai a fara da wanzami da sakiya da shafe-shafe, ko a ɗauki matar a mayar da ita Arewa a yi na gida. Wata shida ko shekara sai ta wuce a haka. Sa'an nan in an kai ta asibiti ciwon ya riga ya bazu, in ta rasu sai a ce aikin likita ne ya kashe ta, na baya kuma su ƙara jin tsoro. Na uku kuɗi, domin aikin tiyata da allurai da gashi da na'ura sun fi ƙarfin mai facin takalmi ko maigadi ko mai sayar da goro.

Maganar kuɗi gaskiya ce, amma ƙaramin ƙullutu ya fi babban gyambo arhar magani nesa ba kusa ba. Gwamnatin Tarayya ta fara Asusun Taimakon Masu Ciwon Daji a 2021 domin marasa hali, dajin mama kuma yana cikin waɗanda asusun ya shafa. A 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Lalle waɗannan ba su isa ba, tilas ne gwamnatoci su ƙara. Amma wanda bai je ya tambaya ba, ko abin da ke akwai ba zai samu ba.

Sauran aikin yana hannun jama'a. Ya kamata Sarakunan Hausawa su nemi asibitoci su turo ma'aikata mata masu jin Hausa zuwa unguwanni, limamai da malaman Islamiyya kuma su buɗe musu ƙofa, domin a nan ne mata ke taruwa. Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a mama ba daji ba ne, amma gwajin asibiti kaɗai ke rarrabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kammala wannan gwaji cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara ganin ma'aikacin lafiya. Maigidan da matarsa ta ce ta ji wani abu a ƙirjinta, kuɗin motar da zai kashe ya mayar da ita gida gara ya kashe su wajen yankar kati a asibiti a wannan makon.