Kafin mu ara wa garin rage tumbi alƙalaminmu



A makon jiya wata 'yar uwarmu daga Gummi ta kawo mana wani aiki da aka ba ta. Wata mai sayar da kaya ta waya ce ta nemi a rubuta mata talla da Hausa mai daɗi, irin wadda ake ɗorawa a WhatsApp, a kan wani gari da ake damawa da ruwa ko madara a sha a madadin abinci. Abubuwa uku ake so tallar ta faɗa: yana narkar da tumbi, ba shi da sitaci, kuma mai ciwon suga zai iya dogara da shi. Ladan aikin katin waya ne da ɗan abin sayen sabulu. Kafin ta ɗora alƙalami sai muka ce ta nemi hoton bayan gwangwanin. Da hoton ya iso, abu na farko a jerin kayan haɗin shi ne furotin na waken suya, na biyu kuma wata kalma ce, maltodextrin. Daga nan hirar ta sauya.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, duk marubucin da zai tallata abin da mutane za su zuba a cikinsu, wajibi ne ya fara karanta bayan gwangwani kafin gabansa. Gaban gwangwani aikin mai talla ne irinmu. Bayansa kuwa doka ce ta tilasta a rubuta, shi ya sa gaskiya ta fi zama a can. Da yawanmu a Anka da Gummi da Bukkuyum irin waɗannan ƙananan ayyuka ne ke saya mana data, ba kuma mu ce a daina ba. Sai dai mai karatu ya fi yarda da abin da aka faɗa masa da harshen uwarsa, kuma wannan yardar amana ce a wuyanmu.

Bari mu fara da abin da ke cikin garin. Ƙa'idar rubuta kayan haɗin abinci ita ce a jera su bisa nauyi, wanda ya fi yawa shi ne a farko. Yawancin irin wannan gari ginshiƙinsa furotin ne, wato sinadarin da ke gina tsoka. Ana samo shi ko dai daga waken suya, ko daga ruwan da ke rabuwa da nono idan ana yin cuku, a busar da shi ya zama gari. Sai a ƙara ɗan mai, da harza mai riƙe ciki, da bitamin, da ƙamshin banila ko cakulan, da abin zaƙi wanda ba sukari ba, kamar sucralose ko stevia. Babu sihiri ko ɗaya a cikin wannan jerin.

Ita kuwa maltodextrin sitaci ce da aka sarrafa daga masara ko rogo ko shinkafa. Ba ta da zaƙi sosai a baki, amma tana shiga jini ta ɗaga suga da sauri kamar gulukos. Ke nan gwangwanin da aka rubuta wa "babu sukari" a gaba zai iya ɗauke da abin da ke aikin sukari a baya. Da 'yar uwarmu ta rubuta "ba shi da sitaci" kamar yadda aka nema, da ta rubuta ƙarya da hannunta ba tare da ta sani ba, wani dattijo mai ciwon suga kuma ya karanta ya gaskata.

Sai lissafi, wanda mu marubuta muka fi gudu. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba jiki kalori 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Babban mutum yana buƙatar kimanin kalori 2,000 a rana. Kofi ɗaya na irin wannan gari yawanci kalori 200 da ɗoriya ne, da furotin kimanin giram 20. Wanda ya ajiye tuwon dare mai kalori ɗari bakwai ko takwas ya sha kofi ɗaya dole ya rame, domin ya rage abin da yake ci. Ramar daga tuwon da aka bari ta fito, garin bai narkar da komai ba.

Shi kuma furotin giram 20 ɗin, a ina ake samunsa a kasuwarmu? Busasshen waken suya yana da furotin kimanin giram 36 a cikin kowane giram 100, gyaɗa kimanin 25, farin wake kimanin 23, ƙwai ɗaya kuma kimanin 6. Wato dafaffen ƙwai uku da ɗan ƙuli-ƙuli sun biya abin da kofin nan yake alfahari da shi. Waken suyan da aka tace aka zuba a gwangwani aka yi masa hoton siririyar Baturiya, shi ne dai wanda matanmu ke yin awara da shi a bakin titi. Kuɗin gwangwani ɗaya kuwa zai sayi tiyoyi da dama na waken.

Kada kuma mu zame zuwa ɗaya ɓangaren, domin akwai irin namu son kai. Wasu cikinmu da sun ji wannan sai su ce ai fura da nono ta fi komai. Fura abinci ce mai daraja, ta riƙe manomi da makiyayi tun kaka da kakanni, amma kusan kashi 70 cikin ɗari na gero sitaci ne. Idan aka dama manyan dunƙule biyu aka zuba sukari cokali huɗu, mai ciwon suga ya sha abin da zai wahalar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wato kimanin giram 50, ƙananan cokula goma sha biyu. Tsakanin shayin safe da kunu da fura da lemon kwalba, da yawanmu mun wuce haka kafin la'asar. Mai son rage sitaci a gida hanyarsa a buɗe take: ya rage dunƙulen fura ya ƙara kindirmo, ya bar sukari, ya rage malmalar tuwo ya yawaita miya, ya riƙe kwaɗon zogale da wake da awara da kifi.

Adalci kuma ya sa mu faɗi inda garin ya yi amfani. A Birtaniya an yi wani gwaji mai suna DiRECT ƙarƙashin Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow, aka fitar da sakamakonsa a mujallar Lancet a ƙarshen 2017. An ɗora masu ciwon suga nau'i na biyu, masu ƙiba, a kan irin wannan abin sha kaɗai, kalori 800 da 'yan kai a rana, na wata uku zuwa biyar, sannan aka riƙa mayar musu da abinci sannu a hankali. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a lura da abu biyu. Na farko, ma'aikatan lafiya ne suka zaɓi mutanen, suka tsara yadda za a dakatar da magungunansu, suka riƙa auna su. Na biyu, abin shan da aka ba su fiye da rabin ƙarfinsa daga sitaci da sukari yake. Abin da ya yi aiki shi ne rage nauyin jiki a hannun masana, kuma wannan sharaɗin ne tallar waya ke haɗiyewa.

Idan babu wannan kulawar, tarihi ya nuna abin da kan biyo baya. A Amurka a 1977 an yi yayin wani ruwan furotin da ake yi da fata da jijiyoyin dabbobi, mutane suka bar abinci suka koma masa, har hukumomin lafiya suka karɓi gomman rahotannin mutuwa, da yawa ta hanyar rikicewar bugun zuciya. Garin yau ya fi wancan inganci, amma haɗarin bai ƙare ba. Mai shan maganin suga irin glibenclamide ko mai allurar insulin, idan ya yanke abinci kwatsam bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa ya suma. Mai ciwon ƙoda yawan furotin na iya ƙara masa nauyi. Mace mai shayarwa kuwa ƙarin kalori kimanin 500 take buƙata a rana, sai ga shi ita ce aka fi bi da tallar "dawo da jikinki bayan haihuwa".

A nan ne ya kamata mu tuna inda muke zaune. Wannan gari an ƙirƙire shi ne domin ƙasashen da abinci ya yi wa mutane yawa. Mu kuwa a yammacin Zamfara gonaki nawa aka bari saboda 'yan bindiga? Iyalai nawa suka baro ƙauyukansu suka tare a cikin garin Anka? A asibitin Gummi ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekarun nan tana jinyar yara masu tamowa. Abin maye gurbin abinci da ya fi ceton rai a yankinmu shi ne 'yar ledar gyaɗar nan da ake ba waɗannan yara. Wani likitan Faransa, André Briend, shi da Michel Lescanne suka haɗa ta a 1996. Nauyinta giram 92, ƙarfinta kalori 500, kayan haɗinta kuwa gyaɗa, sukari, mai, garin madara da bitamin. A yunwar 2005 a Nijar, musamman a Maraɗi, da ita aka yi jinyar dubun dubatar yara a gidajen iyayensu, yanzu kuma har a Kano da Legas ana yin irinta.

Ku dubi yadda abin yake. Leda mai sukari da mai tana tayar da yaron da ya kusa mutuwa, gwangwani mai gudun sukari yana taimakon mai ƙiba a hannun likita. Kowanne magani ne ga wanda aka yi dominsa, kuma cuta ne ko asara ga wanda ba nasa ba. Babban da ya saye ledar yaro a kasuwa ya lashe don daɗi ya ci haƙƙin yaron. Uwar da ta bar tuwo ta koma gwangwani tana shayarwa ta tauye kanta da jaririnta. Tambayar da marubuci zai fara yi ke nan: wa aka yi wa wannan abu, kuma wa zai karanta abin da na rubuta?

Akwai kuma abin da ko bayan gwangwani ba ya faɗa. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma. A 2010 ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa har a Bagega. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. A wannan shekarar dai, mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 15 na abin shan furotin, ta sami burbushin ƙarafa masu guba, har da dalma, a cikinsu. Yawan bai kama ƙafar abin da ya faru a ƙauyukanmu ba, kuma ba mu ce kowane gari haka yake ba. Darasin dai shi ne gari na iya ɗauke da abin da ido ba ya gani. Don haka wanda aka juye a farar leda, babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, bai cancanci ko layi ɗaya daga alƙalaminmu ba.

To me muke nema daga junanmu? Idan aka kawo mana irin wannan aiki, mu nemi hoton baya. Mu duba abu uku na farko a jerin. Mu duba ko adadin da aka rubuta na cokali ɗaya ne ko na biyu, da ruwa aka auna ko da madara. Mu ƙi rubuta kalmar "yana warkarwa" a kan abin da ba magani ba. Mu saka layin da ke cewa mai ciwon suga da mai ciwon ƙoda da mai ciki da mai shayarwa su fara ganin ma'aikacin lafiya. Idan mai kaya ta ce a cire wannan layin, ta riga ta gaya mana irin kasuwancin da take yi.

Bayan haka akwai filin rubutu da muka bari fetal. Mun iya kwatanta idon tauraruwar labari a shafi uku, amma mu nawa ne muka taɓa bayyana wa mai karatu da Hausa abin da furotin yake yi a jiki? Wa ya rubuta mana yadda ake haɗa garin kunun yara na gida, wanda ma'aikatan abinci ke koyarwa da awo shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa? Wa ya zauna da mai awara ko mai tallar nono ya rubuto lissafin sana'arta? Irin wannan rubutu yana koya wa marubuci bincike da auna kalma, kuma uwa a Nasarawar Burkullu za ta iya amfani da shi gobe da safe.

'Yar uwarmu ta Gummi ta rubuta tallar a ƙarshe. Ta faɗi abin da ke cikin garin, ta cire maganar ciwon suga, ta saka gargaɗin. Mai kayan ta ce rubutun ba shi da armashi, ta kai wa wani. Katin wayar ya wuce ta, kuma mun san wani zai karɓa ya rubuta abin da ake so. Fatanmu kada a sami wannan wanin a cikinmu.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki gwangwani ko leda ɗaya da ke ɗakin girkin gidansu, madara ce ko garin kunu ko lemo, ya juya bayanta, ya rubuta mana da Hausar da kakarsa za ta gane abin da ke ciki, cikin kalmomin da ba su wuce ɗari biyu ba.

Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya tsare alƙalumanmu daga cutar da bayinSa.