Za Mu Biya Bashi, Amma A Nuna Mana Lissafi

'Yan'uwa talakawa na Jega da Aliero da Maiyama, kukan da kuke kawo mana ofishin jam'iyya a kan masu karɓar bashi ya yi yawa, ba mu iya yin shiru.

Kowa ya san asalin maganar. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya zo Kebbi ya buɗe shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya, aka ba manoman shinkafa rance. Galibinsa ba kuɗi ba ne a hannu, iri ne da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, a kan farashin da ba da manomi aka yanke ba. Sai ambaliyar 2020 ta cinye fadama. Shinkafa ta bi ruwa, bashi kuwa yana nan.

Mu ba mu ce kowa ya ci bashi ya goge baki ba. Wanda ya ɗauki rancen tamkar ganimar siyasa ya cuci maƙwabcinsa. Amma in manomi ya ce taki buhu huɗu ya karɓa, mai karɓar bashi ya ce takwas ne, wa za a gaskata? Takarda. A fito da ita, a karanta masa da Hausa, a gaya masa abin da inshorar da aka lissafa cikin rancen ta biya bayan ambaliya.

Haka nan ku 'yan kasuwa. Mai albasa a Aliero ya ɗora wa dillali buhuna a kan amana, babu rubutu babu shaida, bayan wata uku sai rantse-rantse. Haba jama'a! Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Saura maganar ɗan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don bashi kawai, in dai babu zamba a ciki. Sashe na 36 ya hana a kama ɗa ko mata a madadin maigida. Shari'ar bashi ta alƙali ce. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba, kada ku biya ko kwabo sai da rasit. Wanda aka aiko wa sammaci kada ya ɓuya, ya kawo shi ofis, magatakarda zai karanta masa kyauta kafin ranar zama.