Agarar Sa Daban, Ta Majinyaci Daban: Raddi ga Mai Hana Fiɗa

Wani saƙon murya ya kwana uku yana yawo a wayoyin mutanen Dogarawa, har ya iske ni a rumfar masu albasa a Galmi. Mai maganar, ba zan kama sunansa ba, ya ce duk wanda ciwon agara ya daɗe masa kada ya kuskura ya bar likita ya sa masa wuƙa. Hujjojinsa uku ne: in mahauci ya sare agarar sa, san ba ya sake tashi, ciwon mataccen jini ne, ƙaho ke fitar da shi, allura da ƙwaya kuma sun wadatar. Na so in kawo maganarsa da adalci, amma iyakarta ke nan, in ban da kukan nisan asibiti da ya rufe da shi, sauran mintunan duk rantse-rantse ne.

Mu fara da san, tunda a kansa ya ɗora ginin. Malam, ko ɗalibin da bai yi nisa a usulu ba ya san ba a kiyasi tsakanin abubuwan da illarsu ta bambanta. Mahauci a gicciye yake sara, ya raba jijiyar biyu, nufinsa ya kayar da dabba. Likitan fiɗa a tsaye yake tsaga ta, yana bin zarenta, ya kankare wurin da ya lalace ya ɗinke, kamar mai gyaran igiyar guga da ke cire inda ta ruɓe ya sake tufkewa. Ina haɗin wannan da wancan? Da ka ƙara tsayawa a mahauta kaɗan ma, da ka ga da wannan agarar ake rataye dabbar bayan fiɗa. Babu jijiyar da ta kai ta kauri da ƙarfi a jikin mutum, tsagar tsaye ba ta kashe ta.

Aikin ma ba iri ɗaya ba ne. In ciwon yana daidai inda jijiyar ta kama ƙashin diddige, sau da yawa akwai wani tudun ƙashi da ke gogar ta, wanda likitan Suwidin Patrick Haglund ya siffanta a 1928. Sai a fere shi. In lalacewar ta ci fiye da rabin jijiyar, akan ɗauko jijiyar da ke lanƙwasa babban yatsan ƙafa a ƙarfafa ta da ita, mutum ya ci gaba da takawa. Ba na ce babu haɗari ba. A 2000 likitocin Finlan, Paavola da abokansa, sun bi mutum 432 da aka yi wa aikin agara, suka samu matsala a kashi 11 cikin ɗari, akasari fatar wurin ce ta yi jinkirin warkewa ko ta kama ƙwayar cuta. Abin da ya kamata ka gargaɗi mai ciwon sukari da mai shan taba da shi ke nan. Ka bar shi, ka tafi kana ba mutane labarin sa. Haba!

Batun mataccen jini kuwa, ka juya gaskiya ne kanta ƙasa. Wurin da ya fi ciwo, santimita 2 zuwa 6 sama da diddige, shi ne mafi ƙarancin jini a jijiyar duka. Zarenta ne ya gaji ya hargitse, wurin ya yi kauri, shi ya sa takun farko na asuba ya fi zafi. To me ƙaho zai zuƙo? Wanzami gwani ne a sana'arsa, amma askarsa a fata take tsayawa, kuma tsaga a wannan siririyar fata gyambo take gayyata.

Inda ka kusa dacewa shi ne ba da wuƙa ake farawa ba, sai dai likitoci sun riga ka faɗa. A 1998 Alfredson na birnin Umea ya sa majinyata 15 su tsaya a bakin matakala da yatsu, suna sauke diddige a hankali, sau 180 kullum har mako 12, dukansu suka koma gudu ba tare da fiɗa ba. Dakalin ƙofar gida ya isa wannan. Ba a maganar aiki sai an yi aƙalla wata shida ana irin wannan jinya ba ta ci ba.

Allura da ƙwaya? Allurar kotizon a cikin agara tana raunana ta har ta iya tsinkewa. Sifro kuma, da ake saye a tire ranar kasuwar Konni, tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani saboda tsinka jijiya, musamman ga wanda ya haura sittin.

Mai saƙon ya rufe da cewa asibiti nesa ne. Asibitin Galmi na nan cikin ƙaramar hukumarmu tun 1950, a bakin kwalta, kuɗin kabu-kabu ne tsakaninsa da ƙofar gidan mai saƙon.