Kafin Ka Nufi Laburare, Zauna Da Kaka

Da yawa daga cikinmu da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege, in an tambaye mu asali sai mu ce "Kano", shi ke nan. Wace unguwa? Wa ya fara zuwa Kudu? Goro ya kawo shi ko shanu? Shiru.

A nawa ra'ayin, ɗalibin da ya fara neman tarihin gidansu daga laburare ya yi gaggawa. Laburare na da amfani, ba musu. Littafin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan Sabo zai nuna maka yadda masu fataucin goro da shanu suka zauna a unguwar da aka kafa a 1916. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke harabar Jami'ar Ibadan, da ta Kaduna, cike suke da fayilolin zamanin Turawa. Amma da wane suna za ka nemi kakanka? Sunan yanka Muhammadu, gari ya san shi da Tanko, akawu kuma ya rubuta "Momodu". Mu ɗaliban harshe mun fi kowa sanin wannan ɓarna.

Saboda haka, wannan hutun, zauna da tsofaffin gida. Rubuta laƙabi, sana'a, garin da aka baro, da sarkin da ke mulki lokacin. Nemi wasiƙun ajami da ke ƙasan adaka. Sunan mijinta kuwa, kada ka matsa wa kaka, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, tambayi ƙanenta.