Martani: Kallon kitse kake yi wa rogo

Malam, na karanta rubutunka na makon jiya, inda ka ce iyo a tafkunan wuraren shaƙatawa ba shi da wani haɗari muddin ruwan ya yi garau. Da girmamawa nake cewa ka yi kuskure, kuma kuskuren na iya jefa 'ya'yan mutane cikin wahala.

Tsargiya ba ta zuwa da launi ko wari. Ƙwayoyinta na girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin bakin ruwa, su fito su huda fatar mai wanka ba tare da ya ji komai ba. Sai daga baya uwa ta ga jini a ƙarshen fitsarin ɗanta. Je ka tambayi manoman rani na Kura da Kadawa, masu noma da ruwan madatsar Tiga, su ba ka labari. Akwai magani, praziquantel, amma wanda ya koma ruwan zai sake kamuwa.

Ka kuma manta da nutsewa. Ƙasan madatsa ba daɓe ba ne. Akwai laka mai riƙe ƙafa, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da rami bayan taku biyu.

Iyaye, ku je shan iska da iyalinku, ku ci soyayyen kifi a bakin ruwa. Amma duk tafkin da babu mai ceto a bakinsa, kuma ba a tabbatar da lafiyar ruwansa ba, kada ku bar yaro ya tsoma ƙafa.