Kullutu A Nono: Ba Kullum Ne Laifin Shayarwa Ba

'Yan'uwana mata, kowace shekara idan watan Oktoba ya kama za ku ji rediyo ta cika da zancen sankarar mama, watau dajin nono. Mu mutanen Kebbi har muna da abin bugun ƙirji, domin a 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, uwargidan tsohon gwamnanmu, ta zama mai jiran gadon shugabancin ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya. To, amma zancen nan ya iso tsakar gida a Karaye, ko kuwa a Birnin Kebbi ya tsaya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da tara cikin goma suna nan da ransu bayan shekara biyar. Da wuri suke zuwa asibiti. A Turkiyya ma kyauta ake ɗaukar hoton nonon mace daga shekara 40 zuwa 69.

Mu kuwa ga inda muke faɗuwa. Mun ɗauka ciwon tsofaffi ne, alhali yana kama mai goyo. Mace ta ji kullutu, sai uwar miji ta ce nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi. Daga nan sai jiƙo, sai shafe-shafe, sai a bari a sayar da albasa tukuna. Kunya kuma ta hana a gaya wa maigida. Kafin a nemi mota, wata shida ya wuce.

Lalle yawancin kullutu ba daji ba ne, amma likita ne zai faɗa, ba kishiya ba. Nonon da ya kwanta yakan sake cikin 'yan kwanaki. Wanda ya kai mako biyu, ko ba ya ciwo, a tafi asibitin Maiyama, Jega ko Aliero. In ta kama za su tura ki Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Ɗalibaina 'yan mata, ku ma da ku nake. Bayan kin yi wankan tsarki kowane wata, ki shafa nono har zuwa hammata. In kin ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, ki gaya wa Inna a ranar.