An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sumba, Kwaroron Roba Da Tsoron Ƙanjamau

Yau zan taɓo maganar da ba mu saba yi a majalisa ba, don haka tun da wuri ina neman afuwar iyayenmu da malamanmu. Kunya ado ce, na yarda, amma akwai kunyar da take kai mutum kushewa, kuma irin wannan ba ta da wani amfani a wurin kowa.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, kwanakin baya wani yaro, ɗan abokina da muka zo garin nan tare daga Katsina neman abinci, ya same ni a shago bayan sallar isha'i. Ina ganinsa na san ba lafiya, duk ya faɗa, idanunsa sun zurma. Sai da ya tabbatar babu kowa sannan ya ce, “Kawu, na shiga uku, ina jin na ɗauki ƙanjamau.” Da na matsa masa sai ya bayyana mini cewa wata bazawara yake nema, wata rana wurin zance shaiɗan ya shiga tsakani ya sumbace ta, iyakar abin da ya faru ke nan. Bayan haka sai ya ji ana raɗe-raɗi a unguwa wai ciwon ne ya kashe mijinta. Mako uku ke nan ba ya barci, kullum yana gaban madubi yana duba harshensa, ko tari ya yi sai gabansa ya faɗi, kuma ya ƙarar da ɗan jarinsa wurin sayen ƙwayoyi barkatai a kemis. Na ce masa, “Ɗana, abin da ka yi ba daidai ba ne, ka nemi gafarar Allah. Amma ƙanjamau ba ta nan take shiga ba. Gobe ka shirya mu je a gwada ka don hankalinka ya kwanta.” Aka gwada shi ba a sami komai ba.

A cikin makon kuma sai ga wani sa'ana, magidanci mai mata biyu da 'ya'ya, wanda rabin shekararsa a kan hanya yake yin ta, yana shirin ƙara ta uku. Da na ce masa ya kamata su yi gwaji shi da amarya kafin ɗaurin aure, sai ya murtuke fuska ya ce ai shi ba ɗan iska ba ne. Jama'a, ku dubi wannan lamari. Wanda ba ya cikin haɗari ya kusa zaucewa don tsoro, wanda kuma yake riƙe da rayukan mata uku da 'ya'yan da za su haifa yana barcinsa har da minshari. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki, kuma a ganina shi ne babban ciwonmu a wannan fage. Tsoro kam muna da shi, sai dai mun ajiye shi inda bai dace ba.

Bari mu fara da sumba. Ƙwayar HIV, wadda ke jawo ƙanjamau, tana bi ne ta jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nonon uwa. Miyau ba ya cikin wannan jeri, domin ƙwayar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, kuma shi kansa miyau yana ɗauke da sinadaran da ke raunana ta. A 1997 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ba da rahoton wata mata da ake kyautata zaton ta ɗauki cutar daga abokin zamanta ta hanyar sumba mai zurfi, amma da aka bi diddigi sai aka ga mutumin dasashinsa na zubar da jini, ita ma tana da ciwon dasashi. Ashe nan ma jini ne ya yi aikin. Ku duba yawan mutanen duniya da shekarun da aka kwashe ana fama da cutar, sannan ku ga irin wannan labari sai an tona kafin a samo shi. Haka nan ba a ɗaukar ta ta musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko butar alwala, ko cizon sauro.

Sai dai kada wani ya ji haka ya ce sumba ba ta da illa ko kaɗan. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi ana ɗaukarsu ta sumba, kuma ƙwayarsu idan ta shiga jiki ta zauna ke nan, sai dai ta lafa ta sake tashi. Tunjere ma yana iya bi ta nan idan gyambonsa yana a leɓe ko cikin baki, gyambon da sau da yawa ba ya ko ciwo, har ya warke da kansa mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali cutar tana ciki tana ɓarna. Bambancin shi ne tunjere yana warkewa sarai da allura idan an gano shi.

Sai kwaroron roba, wanda a wurinmu ko ambatonsa ma abin kunya ne. A nan mutane sun kasu biyu, kuma duka sun kauce. Wasu na cewa ba ya tsare komai, wai yana da ƙananan huji da ƙwayar ke bi. Wasu kuma, musamman samari, sun ɗauke shi tamkar laya, da an sa shi an gama da kowace cuta. Gaskiya tana tsakani. Ƙwayar HIV ba ta ratsa roba mai kyau da ba ta yage ba. Wata bita da masana suka fitar a 2002, bayan sun tattara bincike a kan maza da mata masu zama tare waɗanda ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, ta nuna cewa masu amfani da shi kullum sun rage haɗarin kamuwa da kusan kashi 80 cikin 100. Giɓin da ya rage yawanci daga hannun mutane yake: a sa shi a makare, ko a yi amfani da wanda wa'adinsa ya wuce, ko wanda ya daɗe a aljihu ko a cikin mota zafin rana ya gasa shi, ko a shafa masa man shafawa irin su Vaseline da man gyaɗa, waɗanda ke cinye roba har ta tsage. Yana kare mutum sosai daga ciwon sanyi, amma kariyarsa ba ta kai haka ba ga cututtukan da ke bi ta gogayyar fata, irin su tunjere da ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, tunda ba ko'ina yake rufewa ba. In kuma ya yage, ko aka yi wa mace fyaɗe, akwai maganin da ake farawa cikin awa 72 a sha na kwana 28 don hana ƙwayar kama jiki. Mutane nawa ne a cikinmu suka san da wannan?

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini a fuska: wai in ka gaya wa yara sumba ba ta kawo ƙanjamau, kwaroron roba kuma yana kariya, ai ka buɗe musu ƙofar zina. Ban raina wannan damuwa ba, ni ma uba ne. Amma haramcin zina da duk abin da ke kusantar da mutum gare ta bai dogara da wata cuta ba. Haramun ce tun kafin a ba da rahoton ƙanjamau na farko a Najeriya a 1986, kuma haramun ce ko da gobe an wayi gari babu cutar a duniya. In muka gina tarbiyyar 'ya'yanmu a kan ƙaryar likitanci, to ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran da yaro ya duba wayarsa ya gano mun yi masa ƙarya a kan sumba, ran nan zai fara shakkar sauran abin da muka gaya masa, har da na gaskiyar.

Kuma wannan ƙarya tana da waɗanda take cutarwa. Tana cutar da matar kirki da ta ɗauki cutar a ɗakin aurenta, aka ware mata kwano da moɗa, aka hana ta sumbatar ɗan da ta haifa. Tana cutar da ma'auratan da gwaji ya nuna ɗaya na da ita ɗaya ba shi da ita, waɗanda kwaroron roba a wurinsu kayan asibiti ne kamar kowane. Ta cutar da baiwar Allah nan da yaron abokina yake nema, wadda aka yanke wa hukunci a bakin rijiya ba tare da kowa ya ga takardar gwajinta ba. Tun 2014 Najeriya take da dokar da ta hana nuna wa masu ɗauke da cutar wariya, amma doka ba ta shiga zaure, mu ne za mu gyara bakinmu.

Wani abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, zamanin da ake kiran cutar “kabari salamu alaikum” ya wuce. Tun 2006 aka mayar da maganin rage kaifinta kyauta a asibitocin gwamnati da aka ware. Binciken da aka fitar a 2011 ya nuna fara shan magani da wuri ya rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100. Wani da aka yi a Turai aka fitar a 2016 ya bi diddigin saduwa kusan 58,000 ba tare da kwaroron roba ba, tsakanin masu shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jininsu da abokan zamansu, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Ma'ana, wanda ya san yana da ita yana kuma shan maganinsa yadda ya kamata ya fi aminci a aura, a kan wanda bai taɓa gwaji ba yana bugun ƙirji. Haka mai ciki: in ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka daga uwa, in da magani kuwa abin kan sauko ƙasa da 5.

To ina jakin yake? Mu dubi kanmu. Kontagora mahaɗa ce, hanyar da ta taso daga Tegina zuwa Yawuri da Sakkwato ta nan ta bi, ga ta Rijau da Zuru, ga manyan motoci da ke kwana a tasha, ga 'yan kasuwa da 'yan ci-rani. Da yawanmu mun baro iyali a Katsina, ko Kano, ko Zamfara, ko Maraɗi, sai da salla ko damina ake komawa gida. Ban ce kowa yana ɓarna ba, Allah ya kiyaye. Amma a cikin jama'ar da ake yawan tafiya, ake aure a saki a sake aure, mutum ɗaya da bai san matsayinsa ba yana iya shigar da cutar gida uku ba tare da ya taɓa nufin sharri ba. Ga kuma aska ɗaya da wanzami zai yi wa yara da yawa kaciya ko ya yi ƙaho da ita, da allurar da ake maimaitawa a lungu, da ƙarin jinin da ba a tantance ba.

Gaskiya ne cutar ta ja baya. A 2001 gwajin masu awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin 100, babban binciken ƙasa na 2018 kuwa ya sami kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, wato wajen mutum miliyan 1.9 a ƙasa baki ɗaya. Amma wannan binciken dai ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manya. Shi ma ta jini da saduwa da haihuwa yake bi, ya ma fi HIV saurin kamawa nesa ba kusa ba, yana da allurar rigakafi, amma ba ka jin kowa yana firgita da shi a majalisa.

Shawarata gajeriya ce. Duk mai shirin aure, na fari ne ko ƙari, saurayi ne ko dattijo mai furfura, a je a gwada shi da amarya, HIV da ciwon hanta da tunjere. A 2024 Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka, mu a nan ba sai mun jira an tilasta mana ba, waliyyai da limamanmu suna iya neman takarda kafin a shafa fatiha. Wanda ya san ya yi ganganci ya sani cewa gwajin gaggawa yana iya kasa gano ƙwayar a farkon kamuwa, don haka ya sake bayan wata uku. Babban Asibitin Kontagora yana nan, ba sai an je Minna ba. Mai zuwa wurin wanzami ya tafi da sabuwar rezarsa. Mai ciki ta je awo. Wanda kuma Allah ya jarrabe shi da cutar, mu ci abinci tare da shi, mu tsaya sahu ɗaya, mu taya shi riƙe maganinsa.

Shi yaron abokina ya koma cin tuwonsa, ya kuma ce zai tura magabatansa, bisa sharaɗin su je asibiti tare da ita. Sa'an nawa kuwa har yanzu muna kai ruwa rana, saura mako biyu ɗaurin aure, kuma na yi niyyar gobe in je a fara ɗibar jinina a gabansa, ko Allah zai sa ya miƙa nasa hannun. Ku taya ni da addu'a.

Allah ya kare mu da zuriyarmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.